Fuskar Ƙanena a Jikin Bango

Ƙanena da ƙafarsa ya tafi soja, ba kama shi aka yi ba. Ana tsakiyar yaƙin nan na Turawa aka aiko wa dagacinmu daga wajen hakimi cewa ana neman samari majiya ƙarfi. Wasu iyayen suka ɓoye 'ya'yansu a rumbu, wasu suka tura su cin rani tun ba a yanke dawa ba. Shi kuwa namu, da ya ji labari, sai ya ajiye fartanya a gona ya dawo gida ya ce wa Inna zai je. Yana so ya hau mota, yana so ya ga teku, yana so ya ga abin da ke gaba da Bici, don nan ce iyakar tafiyarsa a duniya. Inna ta yi ta ba shi baki, da ta ga ba zai lanƙwasu ba sai ta sa masa albarka. Mahaifinmu ya rasu tun ina ƙarami, shi kuma yana goye. Ni ne babba, shi ne auta, na tsakaninmu mata ne, duk suna ɗakunan mazansu.

Yaro ne a lokacin. Gemu bai fito masa ba, kumatunsa cike suke, in ya yi dariya sai idanunsa su shige ciki. A haka muka raka shi bakin hanyar mota, a haka kuma ya zauna a idon Inna.

Bai dawo ba. Wani dogari ne ya yi sallama da ni wata rana da hantsi, ya ce an aiko shi ya shaida mana Allah ya yi wa ɗan'uwana rasuwa a ƙasar Bama. Na tambaye shi me ya same shi, ya ce bai sani ba. Na tambaye shi yaushe, da inda aka binne shi, ya ce shi dai iyakar saƙon da aka ba shi ke nan. Ya sha ruwa ya wuce, don akwai wani gidan da zai je a gaba. Aka yi zaman makoki, mutane suka zo gaisuwa, liman ya yi addu'a. Inna ta karɓi gaisuwa yadda ake karɓa, amma ban ga hawayenta ba, ba ta kuma sake ambaton yaron ba. Abin da na lura da shi kawai, ta mayar da wurin kaɗinta daga gindin rumbu zuwa inda za ta riƙa hango ƙofar gida.

Da aka gama yaƙi sai sojoji suka fara dawowa ɗai-ɗai. A ƙauyen da ke ƙetaren fadamarmu akwai wani tsohon magini, wanda ya yi suna wajen adon bango, har daga Ɗambatta ake zuwa ɗaukarsa in wani mai hali ya yi sabon zaure. Ɗansa yana cikin waɗanda suka tafi tare da ƙanena, shi kuma Allah ya dawo da shi. Na yi niyyar in je in gan shi, amma sai aka ce min ba ya magana da kowa. Ba ya zuwa kasuwa, ba ya zama dandali, daga masallaci sai ɗakinsa. Na bar abin a raina na ci gaba da noma.

Bayan damina ta wuce, an cire gyaɗa, an ɗaure gero, sai wata magana ta fara yawo. Wai tsohon sojan nan yana zana mutane a bangon ɗakinsa da gawayi, kuma ba kowa yake zanawa ba sai abokan tafiyarsa da suka mutu a can. Wasu suka ce taɓuwa ce, wasu suka ce aljanun ƙasar ne suka biyo shi. Wani mai awon hatsi da muke shiri ya ja ni gefe a kasuwa ya ce ya leƙa da idonsa, kuma an nuna masa wata fuska an ce ta ƙanena ce. Ban faɗa wa Inna ba. Ban san ta yadda zan fara ba.

A daidai wannan lokacin ne aka aiko cewa Turawa za su yi nunin kayan sana'a a birni, kowace gunduma ta kawo abin da hannun mutanenta ya fi iyawa. Dagacin wancan ƙauyen ya sa a tara na yankinmu a zauren tsohon maginin, don babu zauren da ya kai shi girma da kyau. Aka kuma yi shela cewa ranar jajiberin tafiya da kayan za a buɗe ƙofa tun daga la'asar, duk mai son gani ya zo ya gani, maza da mata, kafin a ɗora wa jakai.

Da daddaren ranar da aka yi shelar ina alwala Inna ta tsaya a bayana. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana, ba ta kuma cika yi min magana kai tsaye ba, sai dai ta aiko matata. Amma a ranar da kanta ta ce, "Kai wannan, gobe za ka raka ni gidan magini."

Na ce, "Kallon kaya za ki je, Inna?"

Ta ce, "Ka san abin da zan je gani. Mai kawo mana nono ta faɗa min tun kasuwar da ta wuce."

Muka fita bayan sallar la'asar. Ƙasarmu ba ta da daji. Kana fita daga gonar wani za ka shiga ta wani, gamba ce kawai iyaka, ko'ina ka duba akwai rufin ɗaki da hayaƙi a bayan ɗorawa ko gawo. An sare kara an jingine, awaki da tumaki an sake su suna kiwo a fili. Inna na gaba da mayafinta baƙi na saƙi, ina biye. Duk gidan da muka wuce sai an gaishe ta, ta amsa ba tare da ta tsaya ba. A fadama ruwa ya janye, muka taka busasshen laka muka haye.

Tun daga nesa muka hango taro a ƙofar gidan. Zauren nan na sha wuce shi, amma ban taɓa tsayawa na dube shi ba sai ranar. Tsohon ya sake masa ado daga sama har ƙasa. A saman ƙofa ga dagi ya sarƙe da kansa, ba ka gane inda ya fara. A gefe ga takobi, ga allo, ga wata da tauraro, har da keke mai ƙafa biyu, abin da yara suka taru suna nunawa suna dariya. Duk da laka ya fitar da su, ya bi da makuba suka yi duhu suna sheƙi. A ciki kuma bakan gizon rufin ya haɗu a tsakiya, ya kafa wani farin kwano a mahaɗar.

An shimfiɗa tabarmi a zagaye, kowane mai sana'a yana zaune kusa da aikinsa. Galibinsu na san su. Ga masaƙin da nake sayen fari a wurinsa, ya baje wani luru mai ratsin shuni da ja, yana ta gyara masa gefe alhali ba abin da ya same shi. Ga baduku da zabira da jakar Alƙur'ani, ya yanka jar fata siri-siri ya saƙa a kan kore. Ga wani malami da allon zayyana guda biyu, ya jingina su da bango, ya sunkuyar da kai yana jan carbi kamar ba shi ya yi ba. Ga riga mai aska biyu an rataye ta a kan igiya, mai ɗinkin ya ce damina biyu ta same shi yana kanta. Mata suna ɓangare guda da faya-fayai masu launi da tuluna da ƙore.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne shirun da mutane suka yi. Waɗannan kaya ne da muke gani kullum a kasuwa, mu ɗaga, mu juya, mu kushe don a rage mana. Ranar kuwa da aka ce ba na sayarwa ba ne, sai kowa ya rasa yadda zai yi da hannunsa. Mutane suka goya hannu a baya suna tafiya a hankali, suna sunkuyawa. Na ga wani dattijo ya daɗe a durƙushe gaban lurun nan, can ya ɗago ya ce wa masaƙin, "Ashe haka ka iya?" Masaƙin ya ce, "Ai irinsa kake rufa da shi shekara da shekaru." Wani kuma ya tambayi baduku ko Baturen saye zai yi, aka ce masa a'a, kallo kawai zai yi a dawo da su. Ya ce, "Kallo kawai? To shi ba shi da aikin yi ne?" Aka yi 'yar dariya, aka sake yin shiru.

Inna ta tsaya wajen wata tsohuwa mai sassaƙar ƙwarya, ƙawarta ce tun suna 'yan mata. Suka gaisa. Tsohuwar ta miƙo mata wata babbar ƙwarya da ta ƙone wa baya da wuƙa mai zafi, zane a cikin zane, ƙanana kamar tsagar fuska. Inna ta karɓa ta shafa da tafin hannu ta ce, "Idonki bai mutu ba." Tsohuwar ta ce, "Ya mutu, hannun ne ya haddace." Sai ta riƙe wa Inna wuyan hannu ta rage murya ta ce, "Na shiga na gani ɗazu. Ki yi bismilla kafin ki ɗaga kai."

Tsohon maginin da kansa ya zo ya same mu. Dogo ne, ya ranƙwafa, fatar hannunsa ta tsattsage saboda laka. Shi ya gina ɗakin mahaifina, don haka ba baƙo ba ne a wurinmu. Na durƙusa na gaishe shi, ya yi wa Inna gaisuwar rashi kamar jiya aka yi.

Ya ce, "Na san abin da ya kawo ki. Ni ban so yaron nan ya yi wannan aiki ba. Tun da na tashi nake ado a bango, ban taɓa fitar da fuskar ɗan Adam ba, ubana ma bai yi ba. Na je wajen liman, ya ce abin ba shi da kyau a bar shi, amma kada in tsananta wa yaron, ba a san abin da ya gano ba. Shi ne muka yi da shi cewa yau za a bar masu 'ya'ya a ciki su shiga su gani. Gobe da safe zan kwaɓa ƙasa in yaɓe."

Inna ta ce, "Mu je."

Ɗakin yana bayan zauren, ƙofarsa na kallon yamma, rana ta yi ƙasa haskenta ya shiga har bangon ƙurya. Wani tsoho yana fitowa muna shiga, ya rufe fuska da hannun riga, bai amsa sallamata ba. A ciki babu komai sai tabarma da buta da wani bargo na soja a ninke, sai kaskon gawayi da ƙananan ƙoƙuna, ɗaya da farar ƙasa, ɗaya da ja.

Na ɗaga kai. Fuskoki ne jere a bango, kowace girman fuskar mutum, daga wuya zuwa sama. Ban taɓa ganin irin wannan ba. Hoton da na sani a lokacin shi ne kan sarkin Ingila a jikin sule, shi kuwa bai kama ƙafar wannan ba. Waɗannan kallonka suke yi. Akwai mai tsagar Barebari, akwai mai wushirya yana murmushi, akwai wanda ya karkatar da kai kamar an kira shi daga baya. Da gawayi ya yi su, ya murza da yatsa inda inuwa take, ya ɗiga farar ƙasa a ƙwayar ido.

Mai zanen yana tsaye a gefen ƙofa, ban ma lura da shi ba sai da ya motsa. Na san shi yaro mai ƙiba mai surutu, yana cuɗa wa ubansa ƙasa. Yanzu ya rame, yana sanye da rigar kaki da maɓallanta suka zube, yatsunsa baƙi ƙirin. Ya zube ƙasa ya gaida Inna.

Ya ce, "Inna, sannu da zuwa. Ya haƙuri?"

Ta ce, "Haƙuri, mun gode Allah. Ka dawo lafiya, ɗan nan?"

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya tashi ya je kusa da ƙurya ya tsaya, bai nuna da yatsa ba, ya dai ce, "Ga shi nan."

Muka matsa. Mutumin da ke jikin bangon babba ne. Kumatunsa sun faɗa, ƙashin fuskarsa ya fito, yana da gemu siriri da ya bi haɓa, ga wata tsaga tsakanin girarsa kamar mai tunanin abin da ya dame shi. Na duba, na sake dubawa, ban ga ƙanena ba.

Inna ta ce, "Wannan ba ɗana ba ne."

Sojan ya ce, "Shi ne, Inna."

Ta ce, "Ni na haife shi. Ka yi kuskure, ko ka haɗa shi da wani."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ban haɗa shi da kowa ba. Tare muke kwana, tare muke ɗaukar kaya. Wanda kika sani shi ya tafi, ni ma na san shi. Amma wannan shi ne wanda na rabu da shi. In na rufe ido shi nake gani."

Na ɗauka za ta juya mu tafi, har na ja da baya don in ba ta hanya. Sai ta ƙara matsawa, har mayafinta na taɓa bango. Ta daɗe a haka. Hasken ya riƙa hawa sama yana barin wuyan zanen. Can na ji ta ja numfashi, ta ce a hankali, ba da kowa take ba, "Wannan ai Malam ne."

Haka take kiran mahaifinmu. Ni na manta fuskarsa tuntuni, abin da ya rage min shi ne ƙamshin rigarsa da yadda yake tari da asuba. Amma tana faɗa sai na gan shi. Ga shi zaune a bakin rumbu yana gyaran igiya, da wannan tsagar a goshi, da wannan gemun. Tsohon maginin da ke tsaye a bakin ƙofa ya ce, "La ilaha illallahu. Tun ranar da yaron nan ya zana shi nake cewa na san mutumin nan, na rasa a ina."

Sojan ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ni ban san mahaifinsa ba. Ban yi wayo ba ya rasu."

Inna ta ce, "Na sani. Girma ya yi a can, ya koma ubansa, ban gani ba."

Ta zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba ta yi kururuwa ba. Kafaɗunta kawai ke motsi. Ni da maginin muka kau da kai, sojan ya tsuguna nesa kaɗan ya zuba wa ƙasa ido. Daga zaure ana jiyo maganar mutane sama-sama da kukan jakan da aka ɗaure don tafiyar gobe.

Da ta natsu ta share fuska da gefen mayafi, sai ta fara tambaya, muryarta a daidai, kamar mai tambayar labarin biki da ba ta samu zuwa ba.

"Bindiga ce?"

"A'a, Inna. Ciwon ciki ne. Damina ce, ruwan can ba ya ɗaukewa, da yawa shi ya kashe su."

"Ya daɗe yana jinya?"

"Ya ɗan kwana biyu. Muna ɗaukarsa a kan kara in za a tashi."

"Wa ke kansa?"

"Ni, da wancan." Ya nuna mai tsagar Barebarin. "Shi ma bai daɗe ba ya bi shi."

"Ya bar magana?"

Na ga alamar sojan yana neman abin da zai faɗa mai daɗi, sai kuma ya fasa. Ya ce, "Bai bar wata magana ba, Inna, ba zan yi miki ƙarya ba. Kunun tsamiya ya yi ta nema. Babu gero a can, babu tsamiya a hannunmu. Shayi muka ba shi. Ya yi kalmar shahada, wannan na ji da kunnena."

Ta gyaɗa kai. "An yi masa wanka?"

"Ni na yi masa. Ruwa kam ba a rasa ba. Likkafani ne babu, da bargonsa muka naɗe shi. Akwai wani mutumin Haɗeja a cikinmu mai karatu, shi ya ja mu salla. Mun yi sahu biyu."

"Kun fuskantar da shi gabas?"

Ya ce, "Alƙibla muka fuskantar da shi. Amma a can ba gabas ake kallo ba, yamma ce. Inda rana ke faɗuwa nan muke kallo in za mu yi salla."

Inna ta ɗago ta dube shi sosai. Ta ce, "Yamma?"

"Yamma, Inna. Makka tana tsakaninmu da ku."

Ta juya maganar a ranta. Sannan ta ce, "Ashe har ya wuce Makka."

Ni tambaya ɗaya na yi. Na ce ko ƙanena ya ga tekun. A nan ne kawai na ga fuskar sojan ta saki. Ya ce ya gani har ya gaji. Kwanakin farko a jirgi amai ya yi ta yi yana cewa a mayar da shi gona, da ya warware kuma sai ya zama ba a raba shi da bakin ƙarfen jirgi, yana tsaye wuni guda yana kallon ruwa, yana tambayar kowa wai ina kifin da aka ce ya fi ɗaki girma.

Ladan ya kira magariba. Ɗakin ya fara duhu, fuskokin suka koma kamar tabo a bango, sai ɗigon farar ƙasar idanunsu. Inna ta dafa ƙasa ta miƙe. Sojan ya ce yana da takarda da ya zo da ita, in tana so zai zana mata shi a kai ta tafi da shi gida. Tsohon maginin ma ya ce in ta ce a bar wannan ɗaya, zai zagaye shi da yaɓe ya bar shi, ya san abin da zai faɗa wa liman.

Inna ta dubi tabarmar da bargon ta ce wa sojan, "A nan kake kwana?"

Ya ce, "A nan."

"Da su duka a kanka?"

Ya gyaɗa kai.

Ta juya wajen tsohon ta ce, "A yaɓe. Har da nawa. Yaron nan yana bukatar ɗakin da zai yi barci." Sannan ta ce wa sojan, "Allah ya yi maka albarka. Ka wanke min ɗa, ka kuma kawo min shi na gani. Ya isa."

Muka yi salla a nan, ni a masallacin ƙofar gida, ita a cikin gida wajen matan. Da muka fito an kunna fitilar aci-bal-bal a zaure, masu kaya suna naɗewa suna ɗaurewa. Tsohuwar mai ƙwarya ta rako Inna har bakin fadama.

Akwai farin wata, hanya a bayyane take. A tafiyar nan Inna ta yi min maganar da ba ta taɓa yi min ba. Ba ta ƙanena ba, ta mahaifina. Yadda ya zo neman aurenta da aron riga da ta yi masa yawa, yadda ba ya cin tuwo in ya huce, yadda ya taɓa bin wani ɗan maraƙi da ya ɓace har kusa da Ɗambatta a ƙafa ya dawo da shi a kafaɗa. Tana gaba tana faɗa, ba ta waiwayo ba, ina biye ina ji.

Ranar Juma'ar da ta biyo ta sa aka surfa gero aka jiƙa tsamiya, ta dama kunu da hannunta a babbar tukunya, aka kai ƙofar masallaci sadaka. Ta kira 'yan'uwana mata ta faɗa musu yadda ɗan'uwansu ya cika da yadda aka binne shi, dalla-dalla, kamar tana wurin. Daga baya in hira ta kawo, takan ambace shi, ta yi masa addu'a, wani lokaci har ta yi dariyar wata wautarsa ta ƙuruciya.

Kayan da aka kai birni sun dawo bayan 'yan makonni, aka ce Turawa sun yaba. Kowa ya karɓi nasa, lurun ya koma kasuwa, muka koma kushewa. Ɗakin kuma an yaɓe shi kamar yadda aka ce. Na ji labari sojan da kansa ya cuɗa ƙasar, ubansa ya shafa. Sojan ya ɗan bi ubansa aikin gini rani ɗaya ko biyu, da tsohon ya rasu sai ya bar garin.

Na sake ganinsa sau ɗaya, bayan shekaru, Inna ma ta riga ta rasu. Na kai tumaki kasuwar Ɗambatta, sai na hango wani a kan tsani a tashar mota yana yi wa wata babbar mota ado da fenti. Furanni ne da tsuntsaye da zaki, da rubutun ajami a saman gilashi. Ya yi ƙiba, ya yi furfura a gemu, an ce yana da mata da 'ya'ya a garin. Ya gane ni kafin in gane shi. Ya sauko muka gaisa, na faɗa masa rasuwar Inna, ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a mai tsawo.

Muna zaune a inuwar motar na ce masa yanzu ina da 'ya'ya da suka girma ba su san kawunsu ba, ba su san kakansu ba. Na ce ko zai iya sake zana min fuskar nan, ko a kan katako ne.

Ya tashi ya samo guntun gawayi wajen mai shayi, ya jawo wani falanki ya ɗora a cinya. Ya ja zagayen kai, ya ja layin hanci. Ya tsaya. Ya goge da gefen hannu ya sake farawa daga ido. Ya rufe nasa idon ya daɗe, ya buɗe, ya sake gogewa. Sai ya ajiye gawayin.

Ya ce, "Ta tafi. Da ina rufe ido suke zuwa, ko ban kira su ba. Yanzu ga shi ina kira, babu." Ya dubi baƙin da ke hannunsa ya ce, "Ka yi haƙuri."

Na ce ba komai. Ya sa aka kawo min shayi, muka yi hirar damina da tsadar dawa. Direban motar ya zo yana faɗa wai gobe zai yi lodi, fenti bai bushe ba. Sojan ya ɗauki gwangwaninsa ya hau tsani, ni kuma na koma wajen tumakina.